Yadda za ka yi amfani da kalmar *fat* a Turanci ba tare da ka ɓata wa kowa rai ba

Idan amarya ta zo ganin gida bayan 'yan watanni a ɗakinta, abin da gwaggonninta suke fara dubawa shi ne jikinta. In ta ciko sai ka ji ana cewa, "Kai, 'yar nan, kin yi ƙiba! Lallai mijin nan yana kula da ke." Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, don ta san yabo ne. To ɗauki wannan magana yadda take ka kai ta Landan, ka dubi abokiyar aikinka baturiya ka ce mata *you are fat*, sai ka ga annuri ya ɗauke daga fuskarta. A wurinta zagi ne na tsakar ido, kuma a ma'aikatu da yawa na can magana irin wannan tana iya kai mutum gaban shugabanni.

Kalmar *fat* harafi uku ce kacal, kuma tana cikin kalmomin da yaro yake fara haddacewa a firamare tare da *cat* da *rat*. Sauƙin nan nata shi ke yaudarar mutane. Nahawunta ba ya cin awa guda. Sanin wanda za a faɗa wa da wanda ba za a faɗa wa ba, nan aikin yake, shi ya sa za mu fi daɗewa a can.

Mataki na farko: gyara bakinka

Bahaushe yana furta harafin f da leɓɓansa biyu. Dalili ke nan da ya sa a bakin Bakano takan kusa komawa p, a bakin Basakkwace kuma ta koma hw, ka ji ya ce hwari maimakon fari. Bature ba haka yake yi ba. Haƙoran sama yake ɗorawa a kan leɓen ƙasa, ya bar iska ta silale ta tsakaninsu. In ka haɗe leɓɓa to *pat* ka faɗa, wato ɗan bubbuga kafaɗa ko shafa kan yaro.

Ga yadda za ka gwada kanka. Yagi 'yar takarda ka riƙe ta dab da bakinka. Ka ce *pat*, za ka ga ta yi tsalle saboda iskar ta fito da ƙarfi lokaci guda. Ka ce *fat*, ya kamata ta ɗan karkata kawai a hankali. Muddin tana tsalle a duka biyun, haƙoranka ba su taɓa leɓe ba tukuna. Yi haka da *fan* da *pan*, da *full* da *pull*, har bakin ya saba.

Sai wasalin tsakiya. Gajere ne, baki a buɗe, yana tsakanin a da e na Hausa. Kada ka ja shi. Mutanen kudancin Ingila ba sa furta r a irin wannan wuri, saboda haka in ka ja wasalin ka ce "faat", abin da kunnensu zai ji shi ne *fart*, kuma ma'anarta tusa. Mai son madara marar kitse a kantin Turawa ya kula da wannan.

Mataki na biyu: gina jimla

Mu a Hausa ƙiba abu ce da mutum yake da ita ko yake yin ta: yana da ƙiba, ta yi ƙiba, mai ƙiba. Daga nan kuskuren farko yake tasowa, sai ɗalibi ya rubuta *he has fat*. A Turanci sifa ce, ana cewa mutum shi ne hakan: *he is fat*, *she is fat*, *they are fat*. Wancan *he has fat* ɗin yana nufin yana da kitse, kamar mahaucin da ya ware kitse a gefen tebur yana jiran mai saye.

Idan sauyin kake son nunawa, wato da ba haka yake ba yanzu ya zama, sai ka kawo *get* ko *grow* ko *become*: *the ram is getting fat*, ragon yana ƙiba, *he grew fat after he retired*, ya yi ƙiba bayan ya yi ritaya. *Get* ce aka fi ji a hira.

Sifar Turanci ba ruwanta da jinsi ko yawa. Inda mu muke cewa ƙato, ƙatuwa, ƙatti, su kalma ɗaya ce ba ta motsi: *a fat man*, *a fat woman*, *three fat cows*. Ba a ƙara mata s don shanun sun yi yawa. Tana kuma zuwa ne kafin suna, ba bayansa ba. In sifofin sun taru, ta girma takan riga, ta launi ta biyo baya: *a big fat white ram*. Kada ka juya su, kunnen Bature zai ji wani bambaraƙwai ko da bai iya faɗa maka dokar ba.

Akwai wani abu ƙarami da ake yawan tuntuɓe da shi a Najeriya, shi ne *too* da *very*. *Very fat* na nufin yana da ƙiba sosai, bayani ne kawai. *Too fat* na nufin ƙibar ta wuce kima har ta hana wani abu: *the cat is too fat to climb the wall*, kyanwar ta yi ƙibar da ba ta iya hawa katanga. Wanda ya ce *your baby is too fat* yana ganin ya yaba, alhali ya ce wa uwa ɗanta yana da matsala.

Mataki na uku: kwatanta biyu ko fiye

*Fat, fatter, fattest.* Lura da t biyu. Dokar ita ce, kalma mai gaɓa ɗaya da ta ƙare da wasali guda sannan baƙi guda, ana ninka baƙin ƙarshe kafin a yi mata ɗafi. Haka *big* ke zama *bigger*, *thin* ta zama *thinner*, *slim* ta zama *slimmer*. Ragona ya fi naka ƙiba: *my ram is fatter than yours*. Shi ya fi duka ƙiba a kara: *it is the fattest in the market*. *More fatter* kuskure ne, an yi kwatance sau biyu, kuma masu duba takardun WAEC da NECO ba sa ɗaga ƙafa a kansa.

Mataki na huɗu: raba ƙiba da kitse

Kalmar nan tana da hula biyu. Sifa ce in ana maganar jiki, suna ce in ana maganar kitse ko maiƙo. Asalinta ma daga tsohon Turanci ne, daga wani aikatau mai nufin cusawa ko ɗurawa, kuma 'yan'uwanta suna nan a Jamusanci, *fett*, da yaren Holan, *vet*.

A matsayin suna ba a ƙirga ta: *cut the fat off the meat*, yanke kitsen daga jikin naman. Sai likitoci da masana abinci ne za ka ji sun ce *fats*, in suna nufin ire-iren mai daban-daban, kamar man shanu da man ja da man gyaɗa. A jikin gwangwanin madara ko ledar biskit za ka ga an rubuta yawan *fat* da giram. Kowane giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, ninki biyu da ɗoriya na abin da sitaci ko furotin ke bayarwa, don su 4 ne. *Low-fat* an rage kitse, *fat-free* babu shi ko ɗan abin da ba a lissafawa, *full-fat* ba a cire kome ba.

Daga wannan tushe wasu kalmomi uku suka fito, kuma ana yawan cakuɗa su. *Fatty* ana faɗinta ga abu mai kitse a jikinsa: *fatty meat*, tsokar da kitse ya yi wa yawa, *fatty liver*, hantar da kitse ya taru a cikinta, kalmar da mutum zai iya gani a takardar hoton ciki. Amma in aka kira mutum *fatty* kai tsaye, tsokana ce irin ta yaran makaranta, kamar a ce masa lukuti. *Fatten* aikatau ne, turka dabba ke nan: mai ɗaure rago wata uku kafin babbar salla yana ba shi dusa da harawa da kowar wake, *he is fattening a ram*. Irin wannan kalma ce aka yi wa al'adar Efik ta Kalaba suna da ita, *fattening room*, ɗakin da ake killace budurwa ana ciyar da ita ana koya mata zaman aure kafin biki. *Fattening* kuma in an jingina ta ga abinci tana nufin mai sa ƙiba: *fried yam is fattening*.

Kar kuma a haɗa ƙiba da kumburi. Ƙafar da ta kumbura *swollen* ce. Cikin da ya cika da iska bayan an ci wake *bloated* ne. Wanda ya je asibiti ya ce *my leg is fat* ya ɓatar da likita.

Mataki na biyar: san wanda kake magana da shi

Nan ne gizo ke saƙa. A Ingila da Amurka da Kanada da Ostireliya, ƙa'idar zaman tare ita ce ba a yi wa mutum sharhi a kan nauyin jikinsa, sai in shi ya fara kawo zancen, ko kuma kai likitansa ne. Ba wai a nemi kalma mai taushi ba ne. A bar zancen gaba ɗaya. In ka ga wanda ka daɗe ba ka gani ba ya murmure kana son yaba masa, ka ce *you look great* ko *you look well*, ka tsaya nan. Hatta *you have put on weight*, wadda nahawunta daidai ne, ba gaisuwa ba ce a can.

Turancin Najeriya yana da nasa salon, kuma a gida babu laifi a cikinsa. *You have added* da *you have reduced* kowa ya san nufinsu a Kano ko Legas. Bature zai tsaya yana jiran ka ƙarasa, ka ƙara me? Nasu shi ne *put on weight* ko *gain weight* in an ƙaru, *lose weight* in an ragu. Haka *plumpy* da ake ji a nan, a rubutun jarrabawa ka yi amfani da *plump*. Mu ma dai abin yana sauyawa. Ba kowace 'yar boko a Kaduna ko Abuja za ka ce wa ta yi ƙiba ta yi maka godiya ba, duk da cewa a gari guda akwai masu neman ƙwayoyin sa ƙiba ido rufe.

Ƙyamar kalmar a can ta kai inda a 2023 kamfanin buga littattafai na Puffin ya fitar da sababbin bugu na littattafan yara na Roald Dahl an goge *fat* daga wurare da dama, aka yi ta cece-ku-ce har kamfanin ya amince zai ci gaba da buga na asali su ma. A ɗaya gefen kuma akwai masu ƙiba da suka ce su ba su ga abin kunya a kalmar ba, sifa ce kamar dogo da gajere. Tun 1969 aka kafa ƙungiyar NAAFA, mai kare haƙƙin masu ƙiba, a Amurka a kan wannan ra'ayi. Saboda haka za ka iya jin mace ta ce *I am a fat woman* tana alfahari. Ita ta faɗa wa kanta. Wannan bai ba ka izinin faɗa mata ba.

To in dole ta sa sai ka siffanta mutum, misali ana cigiya, ko kana rubuta labari, ko kana kwatanta wa direba wanda zai ɗauko a tasha, wace za ka ɗauka? Ya danganta da wane ne.

Ga jariri da ƙaramin yaro, *chubby* ce: ɓulɓul, kumatu cike, abin sha'awa. *Chubby cheeks*, *chubby legs*. Uwa baturiya za ta ji daɗi. Amma ga babba tana iya zama raini, kamar ka mai da shi yaro. Ƙibar ƙuruciya da takan zube in an girma, mutanen Ingila na ce mata *puppy fat*, Amurkawa *baby fat*.

*Plump* cika ce mai taushi, an fi faɗinta ga mace, musamman dattijuwa mai fara'a a cikin labari, da kuma kaza da tumatir. A rubutu tana da daɗi, a gaban mai ita kuwa gara a yi shiru. *Stout* ta mutum mai kauri ce wanda ya manyanta, gajere kakkaura, kuma tana da ƙamshin tsohon zamani. A kula, sunan baƙar giya ne kuma. *Portly* ta fi ta nuna tumbi, irin na attajirin da babbar riga ke zama masa daidai. Tumbin kansa *pot belly* ne ko *paunch*. *Stocky* da *well-built* da *heavily built* sun fi karkata ga ƙarfi da faɗin ƙirji, irin jikin ɗan kokawa, kuma su 'yan sanda suke so in suna ba da kwatancen mutum. *Big* da *large* sun fi kowace sauƙin haɗiya, *a big man*, *a larger lady*, ko da yake a nan gida *big man* mai kuɗi ko mai muƙami ne. A kantin tufafi kuma *plus-size* za ka gani a rataye.

Akwai wasu biyu kuma masu tarko. *Heavy* a Amurka hanya ce ta ladabi ta cewa mutum yana da ƙiba, a Najeriya kuwa *she is heavy* yakan nufi tana da juna biyu. *Thick* kuma, wadda ita ce kauri in ana maganar bango ko katako ko kunu, in ka faɗa wa ɗan Ingila *he is thick* ka ce daƙiƙi ne. Matasan Amurka suna faɗinta ga mace mai diri, a matsayin yabo irin na samari. Ka ga ba kalmar da za ka yi kasada da ita a ofis ba ce.

Sai na asibiti: *overweight* da *obese*. Waɗannan ba ra'ayin mai kallo ba ne, lissafi ne da ake kira BMI. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau tsawonsa. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da dabarar a ƙarni na 19, wani masanin kimiyya Ba'amurke, Ancel Keys, kuma ya raɗa mata sunan da ake kiranta yanzu a 1972. Ɗauki mutum mai tsawon mita 1.70: sau kansa ya ba da 2.89. In nauyinsa kilo 85 ne, rabawa za ta ba da 29.4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 zuwa sama *overweight* ne, daga 30 *obese*. Mutumin nan yana rukunin farko, in ya ƙara kilo biyar ya kai 31.1, ya faɗa na biyu. Mazauna Birtaniya su sani cewa hukumar lafiyarsu, NHS, tana sauke ma'aunin ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya zuwa 23 da 27.5, saboda ciwon sukari yakan kama su tun nauyi bai yi nisa ba. A rubutun makaranta ko rahoto, *overweight* ita ce mafi aminci. *Obese* a bar wa likita, a bakin wanda ba likita ba tana da kaifi ko fiye da *fat*.

Ga dabba kuwa, ko ga kanka, ka saki jiki. *A fat cow*, in saniyar gaske ce a garke, yabo ne ga makiyayi. In mace aka jefa da ita, yana cikin munanan zagin da ake yi a Ingila.

Mataki na shida: inda ba jiki ake nufi ba

Da zarar ta bar jikin mutum sai kalmar ta zama abin so. *A fat wallet* aljihu ne cike, *a fat salary* albashi mai tsoka, *a fat cheque* caki mai nauyi, *a fat book* littafi mai kauri. Duba yadda mu muka ɗauki tsoka su suka ɗauki kitse a wuri guda. Na hira ne da na jarida, ba na takardar neman aiki ba.

*Fat cat* suna ne na suka da ake yi wa attajiri ko shugaban kamfani mai kwasar kuɗi fiye da aikinsa. A siyasar Amurka ya yi fice tun shekarun 1920, a kan masu kuɗin da ke ɗaukar nauyin 'yan takara. *Chew the fat* zaman hira ne na majalisa, ba gaggawa ba manufa. *The fat of the land* daga fassarar Baibul ta fito, cikin labarin Annabi Yusuf, inda Fir'auna ya yi wa danginsa alkawarin mafi kyawun albarkar ƙasar Masar. Wanda ake cewa yana *living off the fat of the land* yana cin duniyarsa da tsinke ne. *Fat finger* kuma ta zamanin waya ce: yatsa ya danna maɓallin da ba shi ba, ka tura dubu ɗari a maimakon dubu goma.

Akwai wasu biyu da gatse ne, kuma su suka fi kayar da mai koyo. *Fat chance* a zahiri kamar babbar dama, amma nufinta babu dama ko kaɗan. Wani ya tambaya ko za a kawo wuta kafin a fara wasan ƙwallo, ɗan'uwansa ya ce *fat chance*, wato ina, sai dai a mafarki. Abin dariya shi ne *slim chance*, wadda ya kamata ta zama kishiyarta, ita ma ƙaramar dama take nufi, sai dai ita ba gatse a cikinta, kuma akwai ɗan sauran fata. Haka *a fat lot of good*: *a fat lot of good that did* na nufin bai tsinana kome ba.

Mataki na bakwai: kishiyarta, da yadda take zuwa a jarrabawa

A takardar Turanci ta JAMB da WAEC akwai sashen da ake ja wa kalma layi a ce ka zaɓi mafi kusa da ita a ma'ana, ko kishiyarta. Kada ka amsa daga hadda. Karanta jimlar tukuna ka ga hular da kalmar ta sa, domin kishiyar *fat* ba ɗaya ba ce.

In mutum ne, *thin* ce ta tsaka-tsaki, wani lokaci da alamar rama. *Slim* da *slender* yabo ne, siririya mai kyan tsari. *Skinny* ta fi kusa da suka, ƙashi da fata. *Emaciated* ramar yunwa ce ko ta doguwar jinya. In nama ne, kishiyar *fatty* ita ce *lean*, zallar tsoka, kuma ita ake faɗa wa ɗan tsere wanda ba kitse a jikinsa sai jijiya. In littafi ne, *thin* ko *slim*. In albashi ne, *meagre*, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In shekaru ne, *fat years* na yalwa ne, *lean years* na fari da ƙunci.

Don ka zaunar da su, ɗauki littafin rubutu ka yi wa abu biyar jimla bibbiyu, ɗaya da kalmar ƙiba ɗaya da kishiyarta: jaririn maƙwabta, ragon layya, tsokar da ka sayo a mahauta, ƙamus ɗinka, da albashin da kake fata. Jariri zai karɓi *chubby*, rago *fat*, tsoka *fatty* ko *lean*, ƙamus *fat* ko *thin*, albashi *fat* ko *meagre*. Karanta su da ƙarfi, 'yar takardar nan tana gaban bakinka, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, sannan ka buɗe ƙamus na intanet irin na Cambridge ko Oxford, inda kowace kalma take da maɓalli biyu na furuci, na Ingila da na Amurka, ka gwada naka da nasu.